Masu busa turompet, sautukan ƙasa sun amfane ku?

Ɗan fanfar, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'a. A fanfar ɗinmu, wato ƙungiyar masu busa, muna shirin faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa ta Kamaru, kuma sautin sol na saman layukan rubutun kiɗa ya tsaya mini a wuya. Da na taɓa shi kaɗan sai leɓe ya mutu, iska kawai ke fita. Shugabanmu ya ce in bar hawa tukuna, in sauka ƙasa da fa diyez (fa da aka ɗaga kaɗan), zuwa sautukan da ake kira fedal. Abin da ke fito mini kuwa kamar babur mai fasasshiyar salansa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya gani.

Tsohon mai badujala, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Shugabanka bai ɓatar da kai ba. A turompet ɗin si bemol, fa diyez na ƙasa, wanda kake danne fistan (maɓallan turompet) uku gaba ɗaya, shi ne iyakar abin da ƙarfen ke bayarwa da kansa. Daga nan zuwa do na fedal, wato fa, mi, mi bemol (mi da aka sauke kaɗan), re, re bemol, babu mazauninsu a cikin bututun. Leɓenka da kunnenka ne ke ƙera su, shi ya sa suke fita da muni, kuma amfaninsu ke nan: ba za su fito ba sai ka sassauta maƙogwaro, ka daina matse bakin busa a kan haƙora, ka saki iska mai ɗumi a hankali.

Mu a bariki da su muke buɗe safiya. Sai in kama do na tsakiya, in sauko sol, mi, do, in zarce ƙasa ba tare da na cire ƙarfen daga baki ba, sannan in hau ta hanyar da na sauko. Hawan nan shi ne aikin. Wanda ya sauka ya zauna can yana gurnani bai yi komai ba. Kuma gwargwadon busarka, gwargwadon hutunka.

Mai koyarwa, Njamaina:
Baba, da girmanka, ina da ja. Yaran da ke zuwa wurina da fedal, da yawansu sun ɓata zaman bakinsu ne. Don sautin ya fito sai yaro ya turo leɓen ƙasa waje, ya sauke haɓa, ya zame bakin busa sama. Ya sami do na fedal mai kauri, yana murna, amma da wani baki daban ya same shi, wanda ba zai hau da shi ko'ina ba. Ko a Amurka malaman ba su haɗu a kan wannan ba: Claude Gordon da James Stamp sun sa fedal a darussansu na kullum, Donald Reinhardt kuwa ya riƙa hana masu turompet yin sa. Ni ina sa yaro gaban madubi. In bakinsa ya sauya siffa kafin ya kai mi, a fa zai tsaya, ko da wata nawa ne.

Tsohon mai badujala, Marwa:
Malam, ba mu saɓa ba. Madubin nan gaskiya ne.

Yaya mai busa a majami'a, Ngaundare:
Ƙanena, ni ban ga sun ƙara mini ko sauti ɗaya a sama ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da suka ba ni shi ne dawowar leɓe. Bayan doguwar sujada ko rakiyar biki, bakina kan kumbura ya yi tauri. In na yi su a hankali, can ƙasa-ƙasa yadda na kusa da ni ma da ƙyar zai ji, washegari sai in tashi da baki mai laushi, tsallake daga do zuwa sol zuwa do ya zo da santsi. In akwai fulugel, wato ɗan'uwan turompet, a fanfar ɗinku, ara ka gwada. Bututunsa ya fi buɗewa, do na fedal yana zama daram a cikinsa, sai kunnenka ya san abin da yake nema kafin ka koma turompet.

Jikan mai kakaki, Garwa:
Ni a gidan busa na tashi, kakana yana cikin masu yi wa Lamido kakaki ranar hawan sallah. Da na shiga fanfar iska ba ta taɓa yi mini ƙaranci ba, amma kumbura kumatu irin na 'yan algaita ya bi ni. Fedal ne ya nuna mini shi ƙarara, domin da kumatu sun cika sai sautin ya watse, sai na riƙe gefen baki sannan ya tsaya. Wani abu kuma: lokacin hunturu kada ka yi su da busasshen leɓe, tsagewa yake yi. Man kaɗanya da dare, ruwa kafin busa. Yanzu da zafin Afrilu ya shigo, yi da asuba kafin ƙarfen ya ɗau zafi.

Ɗan fanfar, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada da madubi, fa yana fita da fistan na ɗaya da na uku ba tare da bakina ya motsa ba, mi ne ke jan haɓata ƙasa. Malam na Njamaina, in tsaya a fa ɗin har bayan fareti, ko in riƙa taɓa mi kaɗan-kaɗan?

Mai koyarwa, Njamaina:
Tsaya a fa. Kullum ka sauka gare shi, ka hau zuwa mi na cikin layi da numfashi guda, a tausashe. Sol ɗin kuma ka bar shi sai ranar gwaji tare da jama'a.