Murhun gas ɗina na ta ƙyas-ƙyas amma wuta ta ƙi kamawa

Uwargida: Salam jama'a, don Allah ku taimaka, tun jiya da na wanke murhun, bona ɗaya (kan da wuta ke fitowa) ta daina kamawa, in na murɗa sai tai ta ƙyas-ƙyas ina jin warin gas amma shiru, da ashana kuma nan take ta kama. Meye matsalar?

Mai gyara: Wa'alaikissalam Hajiya. Tunda ashana na kamawa to gas na zuwa, laifin na wajen tartsatsin ne. Wankin nan ne, ruwa ya shiga. Ki rufe silinda, ki cire hular bonar ki goge farin ƙusan nan da ke gefe, mai fitar da tartsatsin, da busasshen tsumma, in akwai maiƙo ki sa tsohon burushi, ki bar shi ya bushe sosai. Akwai ɗan ƙaramin rami daidai saitinsa, shi ke toshewa, ki zura allura a hankali, banda tsinke don yana karyewa a ciki. Sannan hular ta zauna daram, in ta karkace ko kaɗan ba za ta kama ba.

Ƙanwarku: Anti ki duba batir ma in naki mai batir ne, nawa a ƙarƙashi yake, da ya yi sanyi ƙarar na raguwa.

Mai gyara: Haka ne, amma da batir ne da duk bononin sun samu matsala. Kuma Hajiya ki daina barin gas na fita kina ta gwadawa, in wari ya yi yawa ki buɗe taga kar ki taɓa makunnin lantarki.

Uwargida: Alhamdulillah ta kama, ashe hular ce na ɗora a karkace. Allah ya saka da alheri.