Tsohuwar libarba: a aika wa kamfani ko a bar ta yadda take?

Ɗan Houston: Jama'a, raina a ɓace yake. Ina da libarba Ruger Blackhawk ta kafin 1973, mai sukurori uku. Na kai wani shagon bindigogi a goge min ita, sai yaron shagon ya ce wai mai lahani ce, in aika wa kamfani su gyara kyauta. Bindigar da ta girmi ubansa! Ni ba inda zan aika ta. Na sha jin masu ita suna cewa in an gyara, kunamar takan yi tauri.

Kawu Dallas: Lahani? Allah Ya kiyaye. Tsarin libarbar kamfanin Colt ne na 1873, da shi kaboyi suka yi zamaninsu. Harsashi biyar ake zubawa, a bar hama, wato ƙarfen da ke bugawa in an ja kunama, a kan rami na shida da ba komai. Wanda ya cika shida shi ne mai lahani.

Injiniya: Kawu, da girmanka, ai ka faɗi lahanin da bakinka. In ta cika shida, hamar tana zaune ne a kan allurar da ke tayar da harsashi, allurar a kan gindin harsashi. Ta faɗi ƙasa ta bugu, sai ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Shi ya sa a 1973 Ruger suka fito da sabon samfuri mai ɗan ƙarfe a tsakani, wanda ba ya hawowa sai an ja kunama. Tsofaffin kuma suna sa musu shi kyauta, su dawo maka da kayan cikinta na asali.

Kawu Dallas: Wannan ƙari ne, ba gyaran lahani ba. Motar da ba ta da bel ai ba lalatacciya ba ce.

Injiniya: Wa ya ce lalatacciya? Lahani daban, lalacewa daban.

Na Kumasi: Duk ɗaya ne, Injiniya, kada ka ruɗa mu.

Injiniya: Ba ɗaya ba ne. An kai kamfanin kotu a Alaska kan wannan tsarin, maganar har ta kai kotun ƙolin jihar a 1979.

Kawu Dallas: Kotun Amurka? Ƙasar da ake kai ƙara kan kofi mai zafi!

Hajiya Atlanta: Ɗan Houston, ƙanena, yara nawa ne a gidanka? Ranar da ba ka nan, wa zai tuna da ƙidayar biyar?

Ɗan Houston: Yaya Hajiya, a akwatin ƙarfe take, a kulle.

Kawu Dallas: Mu da muka tashi cikin farauta ba sai an koya mana riƙon bindiga ba.

Na Kumasi: Kawu, farautar ɓera da harbi-ka-ruga? Ita ma ake lissafawa?

Kawu Dallas: Kai yaro, tuƙin tasi bai ba ka bakin magana a nan ba. Kuɗin taron sallah ma har yau ba ka biya ba.

Na Kumasi: Na biya! A tambayi ma'aji.

Ma'aji: Rabi ka biya.

Na Kumasi: To kullum 'yan Kano ku haɗe kai. In ɗan Zango ya yi magana sai a tono bashi.

Hajiya Atlanta: Ni Bazazzagiya ce, kada a sa ni.

Ɗan Houston: Don Allah, darajarta fa? In an taɓa ta, masu tara tsofaffin bindigogi za su saya da tsada?

Injiniya: Ka adana kayan da za su dawo maka da su, masu saye sukan tambaya.

Ma'aji: Na Kumasi, dala 40 ta rage.

Shugaban zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda da Kawu cewa bindigar ba ta da wani lahani, sakaci ne na masu cika shida. Injiniya ya kawo bayanan littafi, mun gode, amma riƙon bindiga ba a littafi ake koyonsa ba. Ɗan Houston, ka bar abarka yadda take. Na Kumasi, ka nemi gafarar Kawu, ka ga ma'aji kafin Juma'a.

Injiniya: Shugaba, mafi yawa su wa? Kawu ne kaɗai ya faɗi haka.

Shugaban zaure: An rufe maganar.