Cigiyar kalma: me za mu kira "taɗbi'i" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk ranar Asabar nakan fassara ra'ayoyin jaridun Larabci don wani ɗan shiri da muke yi a rediyo, kuma tun 2020 akwai kalma ɗaya da take tsaya mini a maƙogwaro. Daren jiya ma na buɗe ra'ayin jaridar Alƙudus Al'arabi a waya, na rubuta fassarar kalmar a takarda na soke har sau huɗu, shayin da aka kawo mini ya huce ban taɓa shi ba. Kalmar ita ce taɗbi'i, wadda na tambaye ku me za mu kira ta da Hausa.

Tushenta ɗaya da ɗabi'a da muka ara tun kaka da kakanni. Taɗbi'i shi ne a mayar da abu ya zama na yau da kullum, ya daina zama abin da za a ɗaga kai a kalla. A bakin 'yan jaridar Larabawa kusan kullum Isra'ila ake nufi, kuma kalmar tana da ɗaci. Wanda aka kira muɗabbi'i, wato mai yin taɗbi'i, ya san ba yabonsa aka yi ba.

Ku duba ranar 15 ga Satumba 2020, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain suka sa hannu da Isra'ila a fadar shugaban Amurka. Jaridun Abu Dhabi irin su Al'ittihad "mu'ahadatus salam" suka riƙa cewa, wato yarjejeniyar zaman lafiya, suna jero maganar jari da fasaha da zirga-zirgar jiragen sama. Alƙudus Al'arabi da ake bugawa a Landan kuwa taɗbi'i ta ce, kuma a irin wannan layi sau da yawa za ka tarar an haɗa da "harwala", sassarfar nan da alhazai suke yi tsakanin Safa da Marwa, ana nufin ƙasashen suna rige-rigen isa. Kowace jarida ta riga ta yanke hukunci tun a kalmar da ta zaɓa. In na fassara su biyun da kalma ɗaya na ci amanar mai saurare.

Kafofinmu sun fi yawan cewa "daidaita dangantaka" ko "maido da hulɗa". Ta farkon daga Turanci aka ɗebo ta, kuma tana nuna kamar abu ne ya karkace aka miƙe shi, wanda hakan ɗaukar ɓangare ne ba tare da an sani ba. Ta biyun daidai ce a wurinta. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973 ta maido a 1992, Chadi ta maido a 2019. Saudiyya da Iran sun raba gari a Janairun 2016, suka shirya a Beijin ranar 10 ga Maris 2023, kuma jaridun Larabci "isti'inaful alaƙat" suka fi kiran wannan, ci gaba daga inda aka tsaya. Amma Daular Larabawa ba ta taɓa musayar jakadu da Isra'ila ba kafin 2020, to me aka maido?

Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Wani malami ya kawo "ɗabi'antarwa", tunda tushen ɗaya ne. Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi kyau a ido, amma kunnen Bahaushe ya saba jin "mu ɗabi'antu da halayen ƙwarai" a wurin wa'azi. In na faɗe ta a rediyo, mai shayi a tasha zai ɗauka tarbiyya ake nufi.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce me ya hana "sulhu". Hajiya, sulhu sai waɗanda suka gwabza, kuma a nan ne ma bambancin ya fi fitowa. Masar ta yi sulhu da Isra'ila a 1979, Jodan ta yi a 1994, akwai jakadu, akwai tuta, amma ƙungiyar 'yan jaridar Masar ta daɗe da haramta wa 'ya'yanta taɗbi'i. Gwamnati ta yi sulhu, mutanen gari sun noƙe. Shi ya sa marubutansu suke cewa "salam barid", zaman lafiya mai sanyi, mu da mun ce zaman doya da manja. Ko shawarar da ƙasashen Larabawa suka amince da ita a Beirut a 2002 ta raba abubuwan: Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye a 1967, sannan a ba ta hulɗa irin ta kowa da kowa. Hulɗar ita ce ladan da aka ajiye a ƙarshe.

Sai wani dattijo, tsohon mai karanta labarai, ya rubuto gajeriyar magana: ai wannan sakin jiki ne. Baba, tun da na karanta nake juya ta, kuma ina ganin an zo wurin.

Sakin jiki fuska biyu gare shi kamar yadda kalmar take a can. Mai masauki yakan ce wa baƙo saki jikinka, nan gida ne. Uwa kuma takan ja kunnen ɗanta, kada ka saki jiki da mutumin nan. Mai goyon baya zai iya faɗarta bai ji kunya ba, mai adawa zai faɗe ta a ji gargaɗin.

Na gwada ta a fagen tattalin arziki, inda sauran kalmomin suka fi faɗuwa. A Janairun 2020 iskar gas daga filin Leviathan na Isra'ila ta fara shiga Jodan da Masar, masu adawa a Amman suna ɗaga kwalaye masu cewa gas ɗin maƙiyi mamaya ne. A Mayun 2022 Daular Larabawa ta sa hannu da Isra'ila kan yarjejeniyar cinikin da ta cire haraji daga kusan kashi 96 cikin 100 na kayan da ake musaya. Masu sharhi suna kiran wannan "taɗbi'i iƙtisadi". Sakin jiki ta fuskar ciniki, ya zauna. Akwai kuma na wasanni da na al'adu, inda babu jakada ko ɗaya a maganar, kamar ɗan wasan judo na Aljeriya da ya janye daga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 don kada ya haɗu da ɗan Isra'ila. Ba za a ce ya ƙi daidaita dangantaka ba. Ya ƙi sakin jiki.

Wani ya yi gyara mai kyau, cewa a labarai tsagwaronsu kalmar ta yi laushi da yawa. Na yarda. In ana ba da labarin an buɗe ofishin jakadanci, a ce an ƙulla hulɗar jakadanci. In dā akwai ta aka yanke, a ce an maido. In jarida ta ce mu'ahadatus salam, a bar mata yarjejeniyar zaman lafiyarta. Amma duk inda marubuci ya zaɓi taɗbi'i da gangan, ni dai daga wannan Asabar "sakin jiki da Isra'ila" zan ce, muɗabbi'una kuma "masu sakin jiki".

Saura harwala. Na rubuta "sassarfa zuwa sakin jiki" a takardar gobe, amma ina jin "rige-rigen sakin jiki" ta fi daɗin faɗa a makirufo. Baba, kai da ka shekara kana karanta labarai, wacce za ka ɗauka?