Hitar wanka tana yoyo ta ƙasa: gyara za a yi ko canji?

Uwargida, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar famfo da wuta ku taimaka min da shawara. Hitar banɗakinmu irin ta jikin bango ce, mai cin lita 30, ta kai shekara biyar da sakawa. Tun da can takan ɗan ɗiga ta bakin wani ƙaramin bawul da ke jikin bututun ruwan sanyi, amma sai in an kunna ta. Yanzu kuma ruwa ya fara fitowa ta gefen murfin ƙasa, inda 'yar fitilar take, ko an kunna ko ba a kunna ba, har ya yi jan layi a jikin tayil. Jiya yarinyata ta taɓa kan famfon wanka ta ce ya ɗan ja ta. Ruwan gidan na bohol ne, ana tura shi tankin sama, kuma mai gidan da muke haya ya sa injin ƙara ƙarfin ruwa saboda mu da ke bene. Wani mai gyara ya ce a toshe bakin bawul ɗin da noti kowa ya huta, wani kuma ya ce a sauke ta a kai wa mai walda. Wanne zan bi?

Mai aikin wuta, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ajiye maganar gyara tukuna. Tunda famfo ya fara ja, a kashe hitar yanzu, kuma daga birekarta da ke akwatin wuta za a kashe, kada a tsaya kan makunnin bango kawai. Akwai gidajen da aka sa wa makunni mai yanke waya ɗaya, in kuma an juya wayoyin wajen haɗi, to ko kin kashe shi wuta tana nan zaune a jikin hitar. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta, bari a buɗe a duba: ana iya dawo da ita ko maƙwabci ya tayar da janaretan gida hannun mutum na ciki.

A bayan murfin nan da kika ce ruwa na bi, nan ne kan elemen yake, wato ƙarfen da ke dafa ruwan, da tamostat mai yanke wuta in ruwa ya yi zafi, da mahaɗar wayoyi, duk a kan wuta mai ƙarfin volt 230. Jan da yarinya ta ji yana nuna abu biyu lokaci guda. Wuta na zurarewa zuwa ƙarfen hitar, sannan wayar ƙasa, wato mai launin kore da rawaya, ko dai ba a haɗa ta ba ko ta tsinke a wani wuri. Da tana aiki kuma akwai birekar kariya mai 30mA, irin wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, da tuni ta faɗi da kanta kafin kowa ya ji komai.

Wanda zai zo duba miki ya zo da mitar gwaji, testa kaɗai ba ta wadatar. Ya cire wayoyin elemen ya auna tsakanin ƙafafunsa biyu: mai wat 1500 yakan ba da kusan ohm 35, mai wat 1200 kusan 44. Sai ya auna tsakanin kowace ƙafa da jikin ƙarfen. Nan bai kamata mita ta nuna wata hanya ba ko kaɗan. In ta nuna, elemen ya fashe daga ciki, sai sabo. Tamostat ɗin da ya sha ruwa ma ni dai ba na yarda a shanya shi a mayar, domin ƙarafunsa na ciki sukan yi tsatsa su manne, hita ta yi ta tafasa ruwa ba ta tsayawa.

Mai gyaran famfo, Obalende

Malam ya faɗi gaskiya, a fara da wuta. Ni kuma ga ɓangaren ruwa.

Hajiya, yoyo biyu gare ki, kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya. Na farko, ɗigar bawul lokacin da hita ke aiki, ba matsala ba ce, aikinsa ke nan. Ruwa in ya yi zafi yana ƙara yawa: lita 30 da aka ɗora daga sanyin famfo zuwa digiri 65 takan ƙaru da kusan rabin lita. Bawul ɗin kuma yana da ƙofa a ciki mai hana ruwan zafi komawa baya, to wannan ƙarin ba shi da mafita sai ta ɗan bakin nan. Akasarinsu an saita su su buɗe in matsin ruwa ya kai wajen bar 7 ko 8 (bar shi ne ma'aunin matsi), ki duba jikinsa za ki ga an rubuta. Wanda ya ce a toshe shi, don Allah kada ki sake kiransa. In aka toshe, matsin zai koma kan tankin da robar da ke ƙasa, kullum sai ya danna su har ɗaya ya sare. In kuma ranar tsautsayi tamostat ya ƙi yanke wuta, tankin na iya fashewa da tafasasshen ruwa a cikin banɗaki. Abin da ake yi shi ne a sa masa siririn tiyo a kai shi magudana, yana gangarawa ƙasa, bakinsa a buɗe.

Bawul yana zama abin zargi ne in yana zuba alhali hita a kashe take kuma ruwan ciki ya huce. Nan ko dai yashi da tsatsa sun maƙale a mazauninsa, ko kuma ƙarfin ruwan gidan ya yi yawa. A ɗaga 'yar mariƙinsa sau biyu ko uku ruwa ya wanke wurin. In bai daina ba a canja shi, rabin inci ne, kuma a sayi mai lamba daidai da tsohon.

Na biyun, wanda ke bi ta murfi, shi ne ake buƙatar a gano asalinsa, domin ruwa yakan fito a wani wuri ya gangara ya bayyana a wani. Bayan an kashe bireka, a kwance sukurorin murfin a cire shi, a goge ko'ina ya bushe ƙarau, a bar ruwa a buɗe. Sai a samu busasshen tishu a naɗa a wurare uku: wuyan bututun sanyi mai shuɗin zobe, wuyan na zafi mai jan zobe, da kewayen faifan ƙarfen da elemen ke jiki. A jira minti goma zuwa sha biyar a ga wanda ya fara jiƙewa. In wuyan bututu ne, aikin bai taka kara ya karya ba: sabuwar wosha a cikin notin tiyo, ko farin tef a naɗa a zaren kamar zagaye goma sha biyu, ta ɓangaren da noti ke ɗauruwa. In kewayen faifai ne, robar ce ta ƙone ta taurare. Amma in duk ukun sun bushe, ruwa kuma na tsattsafowa daga cikin soson da ke tsakanin tanki da gwangwanin waje, ko ta wurin mariƙin bango, to tankin ne ya huje.

Idan tanki ne, maganar walda a bar ta. Cikin tankin an shafe shi da wani rufi kamar na kwanon tangaran, shi ke raba ƙarfe da ruwa. Zafin walda na farfasa rufin a kewayen wurin, sai tsatsa ta samu fili fiye da da. Kuma tankin da ya huje wuri ɗaya ya riga ya sirance a wasu wuraren. Kuɗin saukewa da walda da mayarwa gara a tara a kan na sabuwa.

Uwargida, Agege

Allah ya saka muku da alheri. An kashe bireka, an buɗe, an yi gwajin tishu. Na bututu biyun sun bushe. Na kewayen faifan ne ya jiƙe, kuma ana ganin ruwa na taruwa a gindin noti biyu daga cikin biyar. Soson bai jiƙe ba sai ɗan gefen da ke kusa da wurin. Mai wuta ya ce wayar ƙasa ma ba a ɗaure take ba, a lanƙwashe aka bar ta. Yanzu ya za a yi da robar? Kuma ko a ƙara ɗaure notin kawai?

Mai gyaran famfo, Obalende

Alhamdu lillahi, da sauƙi ke nan. Ƙara ɗaure noti a kan tsohuwar roba yakan tsayar da yoyo na ɗan lokaci, daga baya ya dawo, wani sa'in ma ƙusar ta karye a jikin tanki aiki ya girma. A canja robar kawai.

A bar ruwan ya huce tukuna. A rufe bawul ɗin da ke shigo da ruwa, a buɗe famfon zafi don matsi ya fita. Sai a kwance tiyon ɓangaren zafi daga jikin hitar don iska ta samu shiga, in ba haka ba ruwan zai riƙe kansa ya ƙi sauka. Daga nan a kwance bawul ɗin ɓangaren sanyi a tara bokiti. Lita 30 ce fa, bokiti biyu manya za su cika, a tanade su kusa. In ya tsiyaye, a ɗauki hoton yadda wayoyi suke da wayar hannu kafin a cire su, a zare tamostat, sannan a kwance notunan. A riƙe faifan da hannu wajen cire na ƙarshe, domin akwai sauran ruwa da laka da za su biyo shi.

A nan ne za ki ga ainihin halin da hitar ke ciki. A haska tocila cikin tankin. In bangon yana sheƙi, sai laka ja a ƙasa, a kwashe ta da hannu a ɗauraye. In kuwa akwai ƙuraje na tsatsa, musamman a leɓen ramin da roba ke zama, sabuwar roba ba za ta kama ba, kada a ɓata kuɗi. Elemen in ya ci gwajin mita amma ya yi farin ɓawo, a jiƙa shi cikin binega na awanni a goge da buroshi, kada a kankare da wuƙa.

A jikin faifan akwai wata sanda mai launin toka, ta magnesiyam, masu kaya na ce mata anod. An sa ta ne don tsatsa ta ci ta a maimakon tanki. A shekara biyar ba a taɓa buɗewa ba, zai yi wuya a tarar da wani abu sai siririn ƙarfen tsakiyarta. A sa sabuwa lallai. Zarenta iri-iri ne, akwai M5, M6 da M8, haka robar ma kowace hita da siffar tata, don haka a ɗauki faifan gaba ɗaya a tafi da shi kasuwa a gwada a gaban mai shago. Kasuwar Odunade da ke Orile Coker nan ne cibiyar kayan famfo, elemen da tamostat kuma ana samu a Alaba.

Wajen mayarwa, a goge leɓen ramin tas, a zaunar da roba a bushe, ba gam ba silikon. A ɗaura notuna da hannu duka, sannan da sifana kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa ta ɗaya gefen, har su yi daidai. In aka gama ɗaure ɗaya kafin sauran, roba za ta murɗe. Sai a mayar da bututu, a buɗe ruwa, a bar famfon zafi a buɗe har ya daina tari ya zubo sumul. Kafin wannan lokacin kada kowa ya taɓa bireka: elemen da aka kunna babu ruwa yana ƙonewa nan take.

Injiniya, Ajah

Hajiya, abin da Oga mai gyaran famfo ya tsara daidai ne, sai dai ina so a koma kan injin ƙara ƙarfin ruwan nan, don ina zargin yana da hannu a lalacewar robar. Tankin sama shi kaɗai ba ya ba da matsi mai yawa: kowace mita 10 ta tsayi bar ɗaya ce kacal. Inji kuwa, in ba a saita shi da kyau ba, yakan kai bar 4 ko 5, kuma duk sanda ya tashi ko ya tsaya yana bugun bututu. In ruwa ya riga ya shigo da bar 5, ɗan zafi kaɗan zai kai shi bakin da bawul ke buɗewa. A ɗaura geji, wato agogon auna matsin ruwa, a famfo mafi kusa da hitar a karanta lokacin da inji ke aiki. In ya haura bar 4, a rage saitin injin, ko a sa bawul mai rage matsi kafin hitar a tsayar da shi a bar 3. Wannan ya wadatar da shawa. Tunda haya kike, ki nuna wa mai gidan abin da geji ya nuna, domin duk hitocin gidan abu ɗaya ke cin su.

Sai ruwan kansa. Jan layin da kika gani a tayil ba lallai tsatsar tanki ba ce, ruwan bohol a sassa da yawa na Legas yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, in ya sha iska sai ya yi ja. A ɓangaren Lekki da Ajah har da gishiri, wanda ke cinye anod da sauri. Shi ya sa a garin nan duba anod duk shekara ya fi dacewa da jiran shekara biyu, kuma in ta ci fiye da rabi a canja. Matatar laka a gaban hitar na kare bawul daga yashi.

Tamostat a tsayar da shi a digiri 60. Sama da haka yana ƙara ɓawo da matsi da kuɗin wuta, yana kuma ƙona yara. Ƙasa da 50 kuma ƙwayar cutar Legionella na iya hayayyafa a ruwan da ke zaune. Da elemen mai wat 1500, lita 30 na kai wannan zafin cikin kusan minti 45, don haka ba dole a bar ta a kunne yini guda ba.

Mai aikin wuta, Idi-Araba

Kafin a rufe murfi, Hajiya, a tabbatar an ɗaure wayar ƙasan nan a kan sukuronta da ke jikin faifai, kuma a bi ta da mita har akwatin wuta, don yana yiwuwa can ma ba ta haɗu da komai ba. Wayar hita 2.5mm ce, a kan layinta ita kaɗai, da makunni mai 20A mai yanke waya biyu, a wajen banɗaki. In akwatinku babu birekar kariya mai 30mA a sa ta a wannan aikin, a danna maɓallin gwajinta a gabanki ki ga ta faɗi. Bayan an kunna, a bar hitar ta yi zafi har fitilarta ta mutu, sannan a kashe bireka a sake zagaya faifan da busasshen tishu, domin wata robar sai ta ji zafi da matsi take nuna yoyo. In an ga danshi, rubu'in juyi na sifana a kan kowane noti, bi da bi, yakan ishe ta.