Bolo ta ƙasar Filifin: adda ce ko takobi?

1/ Masu fassara da masu rubutun tarihi, ku matso mu tsai da magana a kan kalmar bolo. Makami ne na ƙasar Filifin, kuma na ga ana yawan fassara shi da "takobi". Ni dai ban gamsu ba. A ganina adda ce, ga kuma hujjata.

2/ Baki ɗaya gare ta, kuma yawanci tana ƙara faɗi da nauyi wajen kai don sara ya ci sosai. Ƙotar ta itace ce ko ta ƙahon baunar da suke noma da ita, kuben kuma na katako. Maƙeransu na yanzu sukan ƙera ta da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota. Da ita manomi ke sassabe, ya fasa kwakwa, ya sari gora da rake. Masu harshen Tagalog na ce mata itak, mutanen tsibiran Bisaya na tsakiyar ƙasar kuma sundang. Wanda duk ya taɓa shiga gona ya san sunan wannan abu da Hausa.

3/ Wani ɗan'uwa ya ce ai an yi yaƙi da ita, saboda haka takobi ya fi dacewa. Yallaɓai, gaskiyarka, an yi. A watan Agusta na 1896 ƙungiyar neman 'yancin kai ta Katipunan, ƙarƙashin Andres Bonifacio, ta tashi tsaye a kan Sifaniyawa, waɗanda suka mulki tsibiran sama da shekara 300. Bindigogin 'yan ƙungiyar ba su taka kara sun karya ba, galibi bolo ce da masun gora a hannunsu.

Sai kuma abin da ya faru a garin Balangiga na tsibirin Samar ranar 28 ga Satumba, 1901, lokacin yaƙinsu da Amurka. Sojojin da suka mamaye garin sun tilasta wa mazaje aikin share gari. Da safiyar ranar, sojoji na cikin karin kumallo, aka kaɗa ƙararrawar coci, mutanen gari suka far musu da bolo, suka kashe sama da 40. Ramuwar ta yi muni ƙwarai: Janar Jacob Smith na Amurka ya ba da umarnin a kashe duk wanda ya haura shekara 10 da zai iya riƙe makami. Sojojin Amurka suka kuma kwashe ƙararrawa uku na cocin, ba su dawo da su ba sai a Disamba 2018.

4/ To ka ga a nan ne "takobi" ke cin amanar labarin. Da Bahaushe ya ji takobi, abin da zai faɗo masa a rai shi ne barde a kan doki, ƙarfe miƙaƙƙe mai baki biyu rataye da hamila, hawan sallah da jahi a ƙofar fada. Ba a zuwa gona da shi. Mutanen Balangiga kuwa talakawa ne, manoma da masunta, da kayan aikinsu suka tunkari masu bindiga. In ka ɗora musu takobi ka raba su da abin da ya sa tarihinsu ke da nauyi, ni kuma wannan ne ya fi damuna.

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo barandami. Na gode, Malama, amma siffarsa daban ce, kuma a kunnen mai karatu na yau farauta da 'yan daba yake tunowa. Langa-langa ta cika sirantaka, ta yankan ciyawa ce. Wuƙa kuwa yanka take yi, bolo sara.

6/ Takobi na da gurbinsa a can, ban kore shi ba. Kampilan na mutanen Maguindanao da Maranao a tsibirin Mindanao na kudancin Filifin dogo ne, kusan mita guda, ƙarshen ƙotarsa a wangame kamar bakin kada, kuma don yaƙi aka ƙera shi. Shi 'yan Filifin ke dangantawa da Lapulapu, wani shugaba a tsibirin Mactan, wanda mayaƙansa suka kashe Magellan, jagoran ayarin jiragen ruwan Sifaniya, a 1521. Kalis, mai baki biyu wanda sau da yawa ƙarfensa ke da lanƙwashe-lanƙwashe, shi ma takobi ne. Barong na Musulmin Tausug a tsibiran Sulu gajere ne, mai faɗi da kauri, mai siffar ganye. Na so in kai shi wajen adda, amma tun da makamin mayaƙi ne da yake tinƙaho da shi, "gajeren takobi" ya fi masa adalci.

7/ Abin da nake ba da shawarar mu riƙe: a ambaton farko a rubuta "bolo, wato addar Filifin", daga nan a ci gaba da "adda", jam'i "adduna". Su kuma mayaƙan da ke riƙe ta, don Allah kada a taƙaita a ce "'yan adda". A rediyo ko a bakin mai saurin karatu zai fito kamar "'yan ta'adda", alhali mutane ne da suka yi yaƙin ƙwatar ƙasarsu. A rubuta "mayaƙa masu adduna", ko da ya fi tsawo.