Nexus letter: takardar sila ko takardar sanadi?

Jama'a masu fassara don Allah ku zo mu tsaya a kan suna ɗaya. A Amurka tsohon sojan da ke neman diyyar nakasa a ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, abu 3 ake so ya tabbatar: ciwon da likita ya gano yana fama da shi yanzu, abin da ya same shi lokacin yana cikin kaki, sai abin da ya haɗa biyun. Takardar da likita ke rubutawa don haɗa su ita ce nexus letter, ita nake nema wa suna.

Wani ya ce takardar likita kawai. Malam ai ba ta isa ba, wannan ita ce ma'aikaci ke kaiwa ofis a ba shi hutun jinya, ita kuwa tamu ba tsayawa take a kan cewa mutum ba shi da lafiya ba, cewa take ƙarar nan da kunnensa ke yi dare da rana daga rugugin bindigar da ya sha a fagen daga ta samo asali, ko da sai bayan shekara 20 da ajiye kaki ya zo nema. Takardar alaƙa kuma ta yi faɗi, alaƙar me da me?

Da yawa sun fi son takardar sanadi, ni dai gaskiya ban natsu da ita ba. Da ka ce an yi sanadin mutum ajali ake ji, alhali wannan yana raye yana neman haƙƙinsa. Sannan ta yi nauyi, sai ka ce likita ya rantse, shi ko abin da ake so ya rubuta kawai shi ne yiwuwar cewa aikin soja ne ya jawo ciwon ta kai kashi 50 cikin 100 ko sama, ya kawo dalilinsa bayan ya duba fayil, in hujjoji suka yi kunnen doki doka ta ce a ba sojan gaskiya.

Shi ya sa na tsaya a kan takardar sila. Aikin soja ne silar ciwon, kowa zai gane, kuma tana ɗaukar wanda ya shiga soja da ciwonsa aikin ya tsananta shi, da wanda gwiwar da ya ji wa rauni a bakin aiki ta ja masa ciwon baya daga baya, duk VA na lissafa su.

Saura guda: tun dokar PACT ta 2022, waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan ba a neman takardar sila a wurinsu kan cututtuka irin su asma da wasu nau'o'in kansa, ɗauka ake aikin ne ya jawo. Wannan ɗaukar ita ma tana buƙatar suna, ku kawo naku.