Dan Allah ku ba ni shawara, HMO sun ƙi biyan nas da zai kula da maigidana a gida

Assalamu alaikum, admin a sakaya sunana dan Allah. Ina Rijiyar Zaki. Baban yara ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya daɗe cikin inshorar lafiya tun ana ce mata NHIS. Wata biyu kenan hawan jini ya kayar da shi bayan sallar asuba, ɓarin jikinsa ya shanye, baya magana baya iya haɗiya, kunu ma ta robar hanci nake ɗura mai da sirinji, ga robar fitsari. Da za a sallame mu likita ya rubuta cewa yana buƙatar mai jinya dare da rana, muka kai takardar, HMO ɗinsa, wato kamfanin da ke biyan asibiti a madadin inshorar, suka ce wai jinya a gida bata cikin tsari, a baki kawai suka faɗa wa ƙaninsa. Ni kaɗai ce sai yara ƙanana, akan tabarma nake kwana gefen gadonsa, wlh ko juya shi ban iyawa sai na jira ƙaninsa ya taso daga kasuwa. Jiya ina canza mai pampas naga wani tabo ja a ƙasan bayansa kaman murfin kwalba, na danna bai washe ba, hankalina ya tashi. Shin muna da haƙƙi ko mu haƙura?

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da aljanna 'yar uwa.

Baban Yusra: Hajiya gaskiya zan faɗa miki ko ba daɗi, a tsarin ma'aikatan tarayya zuwa duba mara lafiya a gida na cikin abubuwan da aka cire tun asali, to nas na awa 24 da wuya ki samu. Amma kar ku bari wannan "a'a" ɗin ta cinye sauran haƙƙinsa. Ganin likita, wankin ciwo da canza roba a asibiti, gashin jiki (fisiyo) na wasu lokuta, maganin da ke jerin inshora wanda kashi 10 cikin 100 kawai zaku biya, kowanne ku nemi lambar amincewarsa daban. Kuma su ba ku ƙin da suka yi A RUBUCE da dalili, maganar baki bata zuwa ko'ina. Tun Afrilun 2025 NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da ta gaji NHIS, ta ce HMO ta bada amincewa cikin awa ɗaya in asibiti ya tura buƙata, in suka ja ku to ƙaninsa ya ɗauki takardar likita da katin ya kai ƙorafi ofishin NHIA na nan Kano, ita dokar 2022 ta ɗora akansu. In shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a.

Abu Sadiq: Ku mayar da shi asibiti kawai mana, tunda can dai dole su biya.

Baban Yusra: Malam kwanciyar ma tana da iyakar kwanaki a shekara, a tambayi HMO nawa ne na mai shanyewar ɓarin jiki. Ta fara lissafa nawa suka ci.

Anti Nas: Ƙanwata ni tabon nan yafi damuna akan rigimar HMO. Jan da ka danna bai washe ba farkon gyambon kwanciya ne, in ya fashe sai ya ci har ƙashi. Daga yau kar ya ƙara kwanciya akan wajen, a juya shi duk awa biyu har cikin dare, ki sa filo tsakanin gwiwoyinsa, dugadugansa kar su taɓa katifa. Kar ki murza wajen, kar ki gasa da ruwan zafi ko waye yace. Zanin gado kar ya tattare ko ya jiƙe. Juyin kuma dabara ce, ki shimfiɗa zani mai ƙwari daga kafaɗa zuwa cinya ku ja shi ku biyu, ko da babbar 'yarki ce. In zaki ba shi kunu ki tada kansa ya kishingiɗa sosai ki barshi haka ko rabin awa bayan ya gama, sbd kar ya koma huhu. A kai shi likita yaga wajen cikin satin nan.

Hajiya Babba: 'Yata ni nayi jinyar mahaifiyata shekara uku. Ki daina jin kunya ki tara danginsa a raba kwana, namiji ɗaya duk dare. Kunyar nan ita ta kwantar da ni har aka ƙara min ruwa. Ku je sashen walwalar marasa lafiya na asibitinku, ku kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi, wajen aikinsa ma a sanar da su.

Mai tambaya: Nagode Allah ya bar zumunci. Kwana 17 muka yi a kwance. Gobe ƙaninsa zai koma ya nemi a rubuce, na kuma kira yayansu zai zo bayan isha'i. Anti Nas katifar iskan nan da ake faɗa ta rigakafin gyambon kwanciya, in NEPA suka ɗauke wuta sacewa take ko zata riƙe zuwa asuba? Bamu da sola.